Islamofobiya: tsoro ne, ƙyama ce, ko ƙin jini?

Mai fassara, Jidda: Assalamu alaikum malamai. Ana shirya ɗan bayani da Hausa don iyayen da 'ya'yansu ke karatu ko aiki a Turai, kan yadda ake kai ƙara idan an ci zarafin mutum saboda Musuluncinsa. Daga Larabci ake juyowa, kalmomi huɗu sun tsaya mana: islamofobiya, jarimatul karahiya, dahiyya, da marsad. Marsad mai sauƙi ce, cibiyar sa ido, kamar wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta kafa a nan Jidda a 2007. Sauran ukun fa? A rubutun farko an sa "tsoron Musulunci".

Malamin Larabci, Madina: Wa alaikumus salam. A cire tsoron nan. Wanda ya sa shi ya bi Larabawan da ke cewa ruhabul Islam ne. Bahaushe in ya ji tsoron Musulunci zai iya ɗauka yabo ne, don kunnensa ya saba da tsoron Allah. Kuma wanda ya shiga masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya kashe mutum 51 ba tsoro ne ya kai shi ba. Gidajen rediyon Hausa sun daɗe suna cewa ƙyamar Musulunci, ni ina ganin a tsaya nan.

Hajiya, Makka: Allah gafarta Malam, ƙyama ta fi tsoro, amma ba ta isa ba. Mai ƙyama ja da baya yake yi, ya toshe hanci ya canza wurin zama. Abin da ake rubutawa a takardar ƙara kuwa na mai zuwa inda kake ne: ya fizge hijabi, ya tofa yawu, ya fasa tagar masallaci. Muna da kalmarsa tuni, ƙin jini. Ƙin jinin baƙi, ƙin jinin Yahudawa, kowa ya san su. Sannan a ce Musulmi, kada a ce Musulunci.

Malamin Larabci, Madina: Hajiya, mene ne bambancin? Wanda ya ƙi addini ai ya ƙi mai addinin.

Lauya, Riyad: A wa'azi haka ne, Malam, amma a takardar ƙara Hajiya ta fi gaskiya. Ɗan sandan Ingila ba zai buɗe fayil don an soki addini ba, zai buɗe ne don an taɓa mutum ko dukiyarsa. Tun da rahoton 1997 na Runnymede Trust, wata cibiyar bincike ta Birtaniya, ya yaɗa kalmar islamofobiya ake wannan gardamar, shi ya sa ƙungiyoyi irin su Tell MAMA, da aka kafa a Birtaniya a 2012, suka gina aikinsu kan ƙirga hare-haren da ake kai wa Musulmi. Ku ma ƙara "ko wanda aka zaci Musulmi ne". Balbir Singh Sodhi da aka harbe a gidan mansa a Mesa ta jihar Arizona a Amurka ranar 15 ga Satumba 2001 mabiyin addinin Sikh ne, rawani da gemu aka gani. Ƙyamar Musulunci ba za ta ƙirga shi ba, ƙin jinin Musulmi za ta ƙirga.

Malamin Larabci, Madina: Na yarda a takardar ƙara. Amma ranar 15 ga Maris da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2022, a bar ta Ranar Yaƙi da Ƙyamar Musulunci, haka mutane suka san ta.

Mai fassara, Jidda: An rubuta haka. Jarimatul karahiya kuma, laifin ƙiyayya?

Lauya, Riyad: Ta yi faɗi. Maƙwabcin da ya fasa maka gilashin mota kan rigimar katanga ƙiyayya ce ta sa shi, amma ba shi ake nufi ba. Abu biyu ake haɗawa: aikin ya zama laifi a dokar ƙasar tun asali, sannan an zaɓi mutumin saboda addininsa ko launinsa. Laifin ƙin jini ke nan. Amfanin tabbatar da na biyun yana wajen hukunci. A Ingila duka mara rauni iyakarsa wata 6 a kurkuku, in an tabbatar addini ko launi ne dalili ya kai shekara 2. Akwai kuma abin da bai kai laifi ba amma ana rubuta shi, kamar harara da habaici a layin kanti. Wannan yana neman sunansa daban.

Hajiya, Makka: Tsangwama. Babu matar da za ka tambaya "an tsangwame ki?" ta ce ba ta gane ba. Kuma a fom ɗin kai ƙara kada a bar wa mai kawo ƙara zaɓi tsakanin laifi da tsangwama, ba aikinta ba ne. Ta faɗi abin da ya faru, mai rubutu ya rarraba. Abin da ake nema daga bakinta: rana da sa'a, wuri har lambar bas ko sunan tasha, kamannin mutumin, shaidu da lambar wayarsu, da kalmomin da ya furta yadda ya furta su. Nan ake yawan yin asara. Kunya ta sa a rubuta "ya zage ni", alhali zagin kansa shi ne hujjar ƙin jini. In ya ce 'yar ta'adda, a rubuta 'yar ta'adda, da harshen da ya faɗa, komai muninsa.

Ɗalibin kwamfuta, Jidda: Mama, in ƙara na intanet. A ɗauki hoton allo kafin a toshe mutumin, sunansa da kwanan wata su fito a ciki, a kwafi adireshin saƙon a ajiye. Da yawa sai su fara kai ƙara wa Facebook ko X, a goge saƙon, hujja ta tafi. Na titi kuma a nemi hoton kyamarar tsaro cikin kwanakin farko, don yawancinsu wata guda suke riƙewa, na bas ma bai kai haka ba. A Ingila 999 na gaggawa ne, 101 na abin da ya riga ya wuce, kuma a karɓi lambar fayil kafin a ajiye waya.

Lauya, Riyad: Ga wani da ya shafe mu kai tsaye. 'Yarmu baƙa ce kuma ga hijabi, mai zagin sau da yawa ya haɗa duka. A cike gurbin launi da na addini, amma a ƙirga abu ɗaya. Haka in ta kai wa 'yan sanda ta kai wa ƙungiya, lambar fayil ce ke hana a ƙirga sau biyu. Masu fassara alƙaluma su ma su kula: Jamus sai a 2017 ta fara ware laifin ƙin jinin Musulmi daban a rajistar 'yan sanda. Hauhawar adadi wani lokaci ƙaruwar kawo ƙara ce, don haka a ce "ƙarar da aka rubuta", kada a ce "abin da ya faru".

Mai fassara, Jidda: Saura dahiyya.

Malamin Larabci, Madina: Tushenta ɗaya da udhiya, kada dai wani ya kawo mana layya. Wanda aka zalunta.

Hajiya, Makka: A bayani na gaba ɗaya ya yi, Malam. A fom kuwa "wanda abin ya shafa" ya fi, don ya haɗa da yaron da ke riƙe da hannun uwarsa lokacin da aka fizge mayafinta, shi ma yana bukatar a saurare shi. Kuma a sa layin neman izini a sama: ko ta yarda a kai wa 'yan sanda, ko a rubuta ba suna. Wasu takardun zamansu ne ke sa su ɗari-ɗari, in aka kai ba da saninsu ba, ba za su sake dawowa ba.

Mai fassara, Jidda: Allah ya saka da alheri. An gyara duka. Kalaman ƙiyayya dai na bar su yadda suke, sun riga sun zauna a bakin mutane, sai dai in Lauya yana da ja.

Lauya, Riyad: Ina da shi, amma a bar su. A dai ƙara layi ɗaya cewa abin da Jamus ke hukuntawa na kalamai, Amurka ba lallai ta hukunta ba.