Tukwanen kakata: a ci abinci a ciki, ko a bar su ado?

Maman Hanif, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa shawara nake nema. Da aka zo rabon kayan kakarmu, Allah ya jiƙanta, ni tukwanen ƙasarta na roƙa, don ba wanda ya ko kalle su. Akwai randa, da tukunyar miya baƙa wuluk, da wani tulu mai zanen ƙadangare a kafaɗa, wanda ta ce a hannun Gwarawa ta saya tun tana amarya. Randar ta ɗan tsage daga baki. Ina so in riƙa kawo miyar kuka a tukunyar in na yi baƙi, tulun kuma ya zauna a falo. Ƙanwata ta ce in shafa masa fenti mai ƙyalli, amma raina bai kwanta ba. Ya kuke gani?

Inna ta Kawo:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya kai rahama kabarinta. Fara ƙwanƙwasa tukunyar da bayan yatsa. In ta yi amo garau, lafiyarta ƙalau. In amon ya mutu, akwai tsaga a ɓoye, kar ta ga wuta. Kada ki kuskura ki sa mata sabulu, ƙasa tana tsotse shi ta amayar a miya. Ruwan ɗumi da toka da soso sun isa. Tunda ta daɗe a ajiye, jiƙa ta ta kwana, ki shanya, sannan ki dama kunu a ciki kan garwashi, a hankali. Wutar gas mai ƙarfi fasa ta za ta yi. Miyar kuka kuwa har a gama hira ba ta huce ba.

Malamin zane, Barnawa:
Hajiya don Allah a bar maganar fenti. Wannan duhun da ke jikin tulun, magina suna samun sa ne ta yayyafa ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, tukunya na da zafi daga wajen gashi. Fenti zai cike zanen, kuma ba ya fita. Irin waɗannan ƙadangaru da kifaye ne marigayiya Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane wadda hotonta ke bayan naira 20, ta riƙa zanawa. A ƙauye ta koyi ginin tukwane kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja. Ki leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu a Kaduna ki ga yadda ake ajiye kayan ƙasa, ba a ƙara musu komai. Busasshen tsumma kawai.

Anti Amarya, Kakuri:
Tulu gindinsa zagaye ne, ki naɗa masa gammo mai kauri, a kusurwar da yara ba sa guje-guje. Randar kuma kar ki liƙe ta da siminti don ruwan sha. Ki juya tsagar ta kalli bango, ki rufe bakin da faifai saboda kyankyasai.