Ruwan batir maganin tsatsar bulok ne, ko kashe inji yake?

Habu direba: Salamu alaikum jama'a. An sauke injin Hilux ɗina, tun daga Tanut take zafi har na shigo gari. Da aka ɗaga kulas, wato kan inji, hanyoyin ruwan bulok, gangar jikin injin, duk sun toshe da jar laka. An ce mini a zuba ruwan batir ya kwana, da safe a ɗauraye. Me kuka gani?

Idi na Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka. A garajinmu haka muke yi, dare ɗaya ƙarfen ya fito fes.

Malam Lawali: Idi ɗana, ban musa maka yana cin tsatsa ba. Yana ci. Sai dai in ya gama da tsatsa ba ya tsayawa, ƙarfen yake kamawa. Ruwan batir asid sulfurik ne, wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran ruwa. Abin da yake fara hudawa fastil ne, waɗannan ƙananan marufan da ke jikin bulok, don su siraran ƙarfe ne kuma tsatsa ta riga ta cinye bayansu. A ɗaura inji, a yi mako biyu, sai ka ga ruwa na tsiyaya ta bayan bulok wajen buwat, akwatin giya, inda hannu ba ya kai. Sai an sake sauke komai. In kuma ya taɓa fuskar bulok da juwan kulas ke zama, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin bulok da kulas, ya yi mata ƙananan ramuka, juwan ba zai ƙara riƙewa ba sai an kai wajen masu gyaran fuska.

Idi na Sabon Gari: Baba, da girmamawa, ai ba tsantsa muke zubawa ba. Muna sirka shi da ruwa.

Malam Lawali: Da wane ma'auni? Da ido kuke sirkawa. Kuma duk sanda yake cin ƙarfe iskar da ke kama wuta yake fitarwa, ga mai walda a gefe. Yaran da kuke sa wa aikin ba tabarau ba safar hannu. Ɗigo ɗaya a ido ya isa.

Sani: To a zuba Coca mana, na ga ana yi.

Musa mai radiyata: Asid ɗin da ke cikin Coca kaɗan ne ƙwarai, sukari ya fi yawa. Bar shi kawai. Ni dai abin da ke zo mini shago nake faɗi: motar da aka yi wa wankin ruwan batir ba a ɗauraye sosai ba, ɓawon tsatsa yake biyo ruwa ya cika bututun radiyata. In na buɗe, baƙi-baƙi kamar dusar gero da ta jiƙe. Kada kuma wani ya ce sodar yin sabulu, ita maiƙo take wankewa, kuma tana cin alminiyom. Injin Hilux samfurin 2KD kulas ɗinsa alminiyom ne.

Habu direba: To Malam, in ba shi ba sai me?

Malam Lawali: A cire fastil duka, sababbi za a sa. A zurara waya a sosa hanyoyin, a bi da ruwa mai ƙarfi har jar lakar ta daina fita. Rabin aikin ke nan. Sannan ɗan tsami, wanda mata ke sa wa zoɓo, kamar giram 100 a lita guda ta ruwan ɗumi. A toshe ramuka, a cika hanyoyin ruwa kaɗai, kada ya taɓa silinda. Kwana ɗaya zuwa biyu. A zubar, a ɗauraye, a bi da ruwan kanwa don ya kashe sauran tsamin, a sake ɗaurayewa. Da ya bushe a shafa mai a fuska da silinda nan take, don ƙarfen da aka wanke kafin a yi sallah ya fara ja.

Idi na Sabon Gari: Kwana biyu, Baba? Mai mota na tsaye a kanka, fasinjan Agadas na jira. Ga ruwa a Damagaram da rani sai an saya wajen ƴan garuwa. Wannan ɗauraya uku wa zai biya?

Musa mai radiyata: Yaya Idi, ruwan batir ya fi ɗan tsami buƙatar ɗauraya. Kuɗin garuwa kuwa bai kai kuɗin sake sauke inji ba.

Alhaji Ousmane: Ni abin da ke damuna, duk mun bar tushen. Ruwan famfo zalla muke zubawa a radiyata, shi ke kawo tsatsar. Direbobi na cewa antijel, ruwan radiyata mai hana daskarewa, na ƙasashen ƙanƙara ne, alhali akwai maganin hana tsatsa a cikinsa, kuma yana jinkirta tafasa. Mu masu zafin watan Afrilu mun fi kowa buƙatarsa.

Idi na Sabon Gari: Wannan na yarda, Alhaji. Amma kan ruwan batir ban sauka ba tukuna. Ina da tsofaffin fastil guda biyu na inji ɗaya. Gobe bayan la'asar zan kawo su garajin Baba, ɗaya a ruwan batir irin sirkinmu, ɗaya a ɗan tsami, jibi kowa ya zo ya duba.

Malam Lawali: Ka kawo. A kwanon roba za a sa, a waje, kuma ni zan zuba asid ɗin cikin ruwa da hannuna, ba yaro ba.