Ciwon wuya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gashin asibiti (physiotherapy) yana magani kuwa?

Telar Unguwa: Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara, wuyana ke ciwo kullum musamman in na daɗe a kan keken ɗinki, yana saukowa har kafaɗa, maganin rage ciwon da nake sha, diclofenac, shi ma ya fara cin min ciki. An ce in je sashen gashi, wai me suke yi ne?

Ɗan Dala: Wa'alaikissalam Hajiya. Ki je, asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da sashen. Za su gasa wurin da zafi, su danna jijiyoyin da suka sanƙare, wani lokacin su manna miki na'urar lantarki mai ɗan tsikari, amma wallahi jigon abin shi ne atisayen da za su koya miki, irin jan haɓa baya kai a miƙe, ki riƙa yi a gida kullum ba fashi.

Anti Nas: Ƙanwata ki ɗaga kan keken ko ki gyara kujerar, ki dinga tashi duk minti 30. Abin ɗaure wuyan nan kuma kar ki yini da shi, raunana naman wuya yake. In hannu ya fara mutuwa ko ƙafa na harɗewa, likita za ki fara gani da gaggawa, kar ki bari kowa ya murɗe miki wuya.

Telar Unguwa: Na gode sosai, Allah ya saka da alheri, Litinin zan je in sha Allah.