Wane gwajin ƙididdiga ya dace da bugun zuciya na hutu da na bayan gudu?

Dan_Zariya:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Furojet ɗina ne, na auna bugun zuciyar ɗalibai 20 suna zaune, sannan na sake aunawa bayan sun yi gudu minti biyar. Na sa a SPSS (manhajar lissafin ƙididdiga) kamar rukuni biyu daban, sufabaiza ya ce ban yi daidai ba, wallahi kaina ya kulle.

Maman Hanif:
Ƙanena malaminka na da gaskiya. Ai mutum ɗaya ka auna sau biyu, kuma wani tun yana zaune nashi 65 ne wani 90, to gwajin t na bibbiyu (paired t-test, mai kwatanta awo biyu na mutum ɗaya) za ka yi. Kowane ɗalibi ka cire na hutu daga na gudu, bambance-bambancen nan 20 su ake gwadawa, df ɗinka (degrees of freedom, a nan yawan ɗalibai a cire ɗaya) 19 ke nan ba 38 na rukuni biyu daban ba.

Abu Sadiq:
Haka ne hajiya. Amma ka duba bambancin tukuna, in wasu sun yi nisa sosai da sauran gara ka koma gwajin Wilcoxon, wanda irin waɗannan lambobin ba sa rinjayarsa sosai. Kuma kar ka tsaya kan p (lambar da ake dubawa a ga ko bambancin ya wuce na dace) kawai, ka faɗi bugu nawa ya ƙaru a minti.

Dan_Zariya:
Na gode sosai, bari in sake jera su layi-layi yanzu.