Gyaran gida kafin sayarwa a Damagaram

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Muna shirin sayar da gidan ƙasa da muka gāda a unguwar Birni, shin wane gyara ya kamata mu fara yi domin masu saye su yi sha'awarsa?

Magini: Malam, ku fara da rufi da indararo, ku sake yaɓe inda damina ta zaizaye gindin katanga, domin can mai saye yake fara kai ido. Kada ku shafe zanen ƙofar zaure da siminti, shi ne kwarjinin gidan.

Hajiya daga Zango: Ɗana, a garin nan ruwa ake fara tambaya, saboda haka ku gyara famfo da tanki.

Dillali: Kafin komai, ku tabbatar dukkan magada sun amince kuma takardun filin sun cika.