Muhawara: Ƙaramin mai shirya fim na da sauran buƙatar kamfanin rarrabawa kuwa?

Nura: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, ga mai shirya fim da kuɗin aljihunsa, zamanin kamfanin rarrabawa ya wuce. A da dole ka bi ta hannunsu, tunda su ke buga faifai, su ke da ƙofar gidajen sinima da na talabijin. Yanzu fa? Netflix da kanta, wadda ta fara kasuwanci da aika faifan DVD ta gidan waya, ta rufe wannan sashe a watan Satumban 2023. Yau da dare zan iya ɗora fim ɗina a YouTube, a riƙa ba ni kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla. To me zai sa in miƙa wa wani haƙƙin fim ɗina na shekara goma ko sha biyar, ya cire kamashonsa, ya cire abin da ya ce ya kashe, ni kuma in zauna jiran takardar lissafi?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Nura, na fahimci abin da ke damunka, amma ɗora fim daban, sayar da shi daban. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin tallan nan da kai, sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ko ka cika wannan, abin da talla ke biya ya danganta da ƙasar da masu kallonka suke zaune, ba da wahalar da ka sha wajen ɗaukar fim ɗin ba. Mai tashar da ke sakin bidiyo kullum zai iya rayuwa da wannan tsari. Kai kuwa fim ɗaya gare ka, wanda ya cinye maka shekara biyu da bashin mutane. Wa zai san ma ka ɗora shi?

Nura: Malam, ai an sha ganin ƙaramin fim ya tashi da ƙarfin intanet. The Blair Witch Project a 1999, shafin intanet ne ya ɗaga shi, ya tara kusan dala miliyan 250. Paranormal Activity da dala 15,000 aka ɗauke shi, ya tara fiye da miliyan 190.

Malam Habibu: Madalla da ka kawo waɗannan biyun, domin hujjata ce ba taka ba. Na farkon, kamfanin Artisan ne ya saye shi a bikin finafinai na Sundance a kan dala miliyan ɗaya da 'yan kai, sannan ya zuba miliyoyi a talla, ninkin ba ninkin abin da aka kashe wajen ɗaukarsa. Na biyun tun 2007 aka fara nuna shi a bikin finafinai, amma bai shiga sinima ba sai 2009, lokacin da kamfanin Paramount ya fitar da shi. Shekara biyu kenan fim yana nan, intanet ma tana nan, duniya ba ta san da shi ba. Abin da aka ƙara masa shi ne kamfani mai kuɗin talla da kuma ikon cewa gidajen sinima su ba shi allo.

Isiyaku: Kenan hanya ita ce bikin finafinai. Ka yi fim mai kyau, ka kai Sundance, a saya. Ai haka Apple ta sayi CODA a kan dala miliyan 25 a 2021, kuma ya ci babbar kyautar Oscar a shekarar da ta biyo.

Jamila: Yaya Isiyaku, wannan hanyar ce ta fi ba ni tsoro, domin ita ta fi jefa mutane a bashi. Dogayen finafinai fiye da 4,000 ake aika wa Sundance a shekara, abin da ake zaɓa kuwa wajen ɗari ne kawai, wata shekarar ma bai kai ba. Cikin waɗanda aka zaɓa ɗin ma da yawa suna tashi daga bikin babu mai saye. Cinikin CODA a lokacin korona aka yi shi, sa'ad da kamfanonin nuna fim ta intanet ke rige-rigen tara masu biyan kuɗin wata, suna sayen duk abin da ya yi ƙamshi. Daga 2022 suka ja linzami, suka koma neman riba, suka fi karkata ga abin da suka shirya da kansu. Netflix ba ta karɓar fim kai tsaye daga hannun wanda ba ta sani ba, sai ta hannun dillali ko kamfanin da take hulɗa da shi. Amazon ta buɗe ƙofar da kowa zai iya ɗora fim da kansa, amma a 2021 ta daina karɓar gajerun finafinai da na labarin gaskiya ta wannan ƙofa. Participant, kamfanin da ya shekara ashirin yana tsaya wa finafinai masu saƙo, ya rufe a 2024. Duk wanda ya ci bashi ya yi fim da lissafin cewa wani babba zai saya, to caca ya yi.

Nura: To kun gani. Idan manyan ba sa saye, ƙananan kamfanonin da suka rage kuma ba sa ba da kuɗin kafin alƙalami, me ya rage in ba mutum ya tsaya da ƙafarsa ba?

Hajiya Rabi: Nura, ƙanena, bari in shigo nan, domin a kan kuɗi ina tare da kai fiye da yadda Malam Habibu zai so. Mutane da yawa ba su san yadda kuɗin tikiti ke gangarowa ba. Mu ɗauka fim ya tara 100 a sinima. Gidan sinima zai riƙe kusan rabi, ga ƙaramin fim ma yakan riƙe fiye da haka. Cikin 50 da suka rage, kamfanin rarrabawa zai cire kamashonsa, a ce kashi 30 cikin ɗari, wato 15. Saura 35. Daga nan sai ya cire duk abin da ya kashe a talla da kwafin da aka kai sinimomi. In ya ce ya kashe 40, to ba ka da ko sisi, kuma ana bin fim ɗinka 5, waɗanda za a cire daga cinikin talabijin da na intanet idan yarjejeniyar ta haɗe su wuri ɗaya. Ba a ma zo kan dillalin da ke sayar wa ƙasashen waje ba, balle waɗanda suka zuba jari. Shi ya sa za ka ji fim ya yi suna, furodusa kuwa yana ɓuyar masu bin sa bashi.

Amma rarrabawa da kanka ma ba ta raba ka da ɗan tsakiya. Yawancin manyan manhajojin ba ka isa gare su sai ta hannun kamfanin da ke tattara finafinai yana miƙa musu. Ɗaya daga cikinsu, Distribber, ya durƙushe a 2019 da kuɗin masu finafinai da dama a hannunsa, kuma waɗannan mutane ne da suka zaɓi su rarraba da kansu. Don haka ni ba na tambayar ko da kamfani ko babu. Abin da nake tambaya shi ne me aka rubuta a takardar.

Malam Habibu: Hajiya, ban musa lissafinki ba. Sai dai ki ƙara da cewa 40 ɗin nan da kamfani ya kashe, in babu shi, daga aljihun Nura za su fito. Kuma aljihun ya riga ya ƙare tun ranar da aka kammala ɗauka.

Nura: Ba dole sai an kashe 40 ba. Ku dubi Hundreds of Beavers. Kimanin dala 150,000 aka kashe masa, fari da baƙi ne, kusan babu magana a ciki. Masu shi suka ɗauke shi gari-gari a 2024, suna zuwa sinima da kansu cikin kayan wasan fim ɗin, har ya haura dala miliyan ɗaya. Ba wani babban kamfani a bayansu.

Jamila: Wannan misalin na yarda da shi, amma a faɗe shi duka. Tun 2022 suke yawon bukukuwan finafinai suna tara masoya kafin su shiga sinima. Sun ɗauki wadda ta san harkar tsara ranakun nuni da gidajen sinima, haƙƙin nunawa ta intanet kuma suka ba wani kamfani. Wato sun rarraba haƙƙin kashi-kashi, sun riƙe wanda za su iya, sun sayar da wanda ba za su iya ba. Kuma sun ba aikin watanni na rayuwarsu, lokacin da wani daraktan zai yi amfani da shi ya rubuta fim na gaba.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake tuna talla bayan an gama komai. An taɓa kawo mini fim mai kyau ƙwarai in tallata. Na ce a ba ni hotunan da aka ɗauka a wurin aiki, aka ce ba a ɗauki mai hoto ba. Sai da muka riƙa tsayar da fim ɗin muna ciro hoto, fuskar jaruma duk ta dushe, a haka aka haɗa fosta. Na ce ina takardar izinin waƙar da aka sa a wurin da ya fi taɓa zuciya, aka yi shiru. Kamfanin da ya nuna sha'awa ya ce ba zai taɓa fim ɗin ba sai an kawo izinin, mai waƙar kuma da ya ga an matsu sai ya tsuga kuɗi. Ƙarshe cire ta aka yi, wurin ya mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hotuna, tirela, fassarar da ke bi ta ƙasan allo, takardun izinin waƙa da na 'yan wasa, da kason talla, duk a cikin kasafin farko ya kamata su kasance, ko da za a rage kwanakin ɗauka. Sannan tun kafin a kunna kyamara ka iya faɗa mini su wane ne za su kalli fim ɗin, a ina suke taruwa, wa suke saurara. In amsarka ita ce "kowa da kowa", ni ban san inda zan kai tallan ba.

Isiyaku: Ba wanda ya ambaci ɓarayin fasaha. Ranar da fim ya hau intanet, washegari yana yawo kyauta.

Hajiya Rabi: Haka ne, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa tsarin fitarwa ke da muhimmanci. A da sinima kan riƙe fim kusan kwana 90 kafin ya fita ta wata hanya, bayan korona manyan kamfanoni suka rage zuwa wajen 45, wasu ma ƙasa da haka. Ƙaramin fim ya fara da inda ake biya, wato nuni a zaure da hayar kallo, ya bar kyauta mai talla irin ta YouTube ko Tubi a ƙarshe. In ka fara da kyauta, babu gidan talabijin ko manhajar da za ta sake ba ka kuɗin kirki.

Nura: Na ji, YouTube ba ita ce farko ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ba zan ba kamfani ɗaya komai da komai ba, musamman wanda bai ajiye mini ko kwabo a gaba ba.

Malam Habibu: Ni kuma ina kan nawa. Cikin masu shirya fim goma, da wuya ka sami biyu da za su iya zama 'yan kasuwa na shekara guda ba tare da sun karye ba. Sauran suna buƙatar kamfani, ko da rabon bai yi musu daɗi ba.

Nura: Hajiya, in har mutum ya zauna da su, me zai fi tsayawa a kai?

Hajiya Rabi: A rubuta iyakar abin da za su kashe a talla, kada su wuce sai da sa hannunka. Kada a haɗe lissafin sinima da na talabijin da na intanet, kuma kada a haɗe fim ɗinka da na wasu. Wa'adin ya zama gajere, in babu kuɗin kafin alƙalami ni ba na wuce shekara uku zuwa biyar. Ka sami ikon turo akanta ya duba littafinsu. Sannan a rubuta ƙarara cewa in sun kasa fitar da fim ɗin cikin lokacin da aka ɗiba, ko sun daina biya, ko kamfanin ya karye, haƙƙinka ya dawo hannunka nan take ba sai an je kotu ba. Kuma lauyan da zai duba maka takardar ya zama naka, ba wanda su suka nuna maka ba.