Yaron da aka sallamo daga CRENI: wa ke riƙe da shi har ya kai ranar awo?

Majo Ilu (shugaban cibiyar lafiya): Assalamu alaikum ƴan uwa. Damina ta kama, kwamiso da zazzaɓin cizon sauro sun haɗe mana daga Mirya har Magarya. Ina so kowa ya kawo abin da yake gani game da yaron da ya kwanta a CRENI, wato sashen asibiti da ake kwantar da yara masu tsananin kwamiso, aka sallame shi ya ci gaba da karɓar biskit, wato abincin magani na gyaɗa cikin leda, a CSI, cibiyar lafiya ta kusa da gida. A rubuce hanyar miƙaƙƙiya ce: kumburi ya saɓe, ya bar F-75, madarar magani ta farkon jinya, ya ci gwajin cin biskit, a ba uwa takardar mayarwa da abin da zai kai shi ranar awo. Inda igiyar ke tsinkewa, takardar ce. Ko dai ba ta iso ba, ko ta iso rabinta fari. In ba a rubuta ya gama amoksisilin ba, sai a sake ɗura masa; in babu nauyin ranar fita, da me za mu gane ya ƙaru ko ya rame? A cika mana lambarsa, nauyi da awon dantse, magungunan da ya sha da ranar gamawa, sakamakon gwajin zazzaɓi da na jini, da ranar da muke jiransa.

Hajiya Rabi (ɗakin yara): Majo, gaskiyarka, amma da yawa daga waɗanda ke zuwa maka hannu biyu ba sallamarsu aka yi ba, tafiya suka yi. Uwa ta yi kwana biyar, ta ga yaro ya buɗe ido, sai ta ɗaure kayanta tun asuba. Wata kuma a miƙa mata takardar cewa ta fita bisa son ranta, ta dangwala yatsa. Dangwalen nan a idona ma'aikaci yake karewa, yaro bai amfana da komai ba, don wadda ba a yi wa bayani ta fahimta ba, ba a ce ta yarda ba. Kafin a ɗauko takardar a tambaye ta: wa ke riƙe da sauran yaran? Wa ke noman gonar? Maigida ya san tana nan? Sau da yawa yana can wajen biɗa a Kano ko Aljeriya, uwar miji ce ta aiko a ce ta dawo. A nemi izininta a kira shi, a buɗe murya ta ji abin da ake faɗa masa. In duk da haka ta ce sai ta tafi, ba a kulle ƙofa, ba a zagi: a cika mata takardar mayarwa, a ba ta biskit, a kira majo na garinsu. Sai kuma harshe. Mutanen Gure da Taskar da Tanut ba kowa ke jin Hausar asibiti ba. A nemi tafinta cikin ma'aikata, kada a jawo kishiya ko maƙwabciyar gado.

Malam Habu (sashen taimakon jama'a): Hajiya, Allah ya saka. Ni gefen kuɗi zan taɓa, don a nan ake yawan yi wa iyaye alkawarin da doka ba ta yi ba. Kyautar magani da gwamnati ta sa ta fara da tiyatar haihuwa a 2005, a 2006 aka ƙara yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Ta ɗauki duba yaro da maganinsa. Ba ta ɗauki kuɗin motar komawa ba, kuma in uwar ce ta kwanta ciwo alhali ba ta da ciki, biya za ta yi. Dala ashirin ɗin da ake ƙarawa a wasu gundumomi don ambulans ta kai marar lafiya ce, ba ta maido shi ba. Ga kuma jinkirin biyan cibiyoyi kuɗin kyautar, wanda shi ke sa kantar magani ta bushe a rubuta wa uwa ordonansi ta saya a waje. Saboda haka tun ranar kwanciya za a aiko mana ita, kada a bari sai ranar fita. Takardar shaidar rashin hali daga ofishin magajin gari take fitowa, ba a samunta cikin yini guda. A duba takardar haihuwa ma: yaron da ba shi da ita, in ya yi tsawo, gardamar shekara biyar ce ke jiransa a bakin kes, wurin biyan kuɗi.

Inna Zainabu (ungozomar asibiti): Ƴaƴana, akwai abin da ba a rubuta shi a karne, wato littafin lafiyar yaro. Yaron da ya ƙi ƙaruwa duk da biskit, ana neman tarin fuka da sida, kuma gwajin jariri gwajin uwarsa ne. Dokar sida ta 2007, wadda aka sake a 2015, ta tsaya a kan yardar mai gwaji da rufe sirrinsa, dokar hukunta laifuka ma ta hana ma'aikaci tona sirrin aiki. Karne kuwa a cikin kwalla yake kwana, ɗan lakwal na gidan shi ke karanta wa kowa. Amma in aka ɓoye wa CSI, maganin yaro ya tsinke. Mafita ita ce a zauna da uwar ita kaɗai, a tambaye ta wa ta yarda ya sani, a faɗa mata dalilin da ya sa majo ke buƙatar sani, sannan a kira shi baki da baki. Masu ɗaukar hoton takarda su tura rukunin WhatsApp, don Allah ku bari. Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, kuma bayanin lafiya na cikin masu tsanani. In dole ne a tura, a rufe suna da gari, a bar lamba, kada fuskar yaro ta fito, kuma ga mutum ɗaya.

Sani (ɗan sa-kai na lafiya a ƙauye): Iyayena, daga gida ga abin da ake tararwa. Ƙunshin biskit giram 92 ne, an lissafa shi bisa nauyin yaro ɗaya, amma a gidan da rumbu ya ƙare yara huɗu ke lasa, na mako ya ƙare a kwana uku. Faɗa ba ya hana wannan. Gara a ƙirga ledojin da aka cinye tare da uwar, a nuna mata ta ba shi a ɗaki kafin fura, da ruwa mai tsabta kusa. A bar mata igiyar awon dantse: launin ja, alamar haɗari, ƙasa da milimita 115 ne, kuma a danna bayan ƙafafu biyu daƙiƙa uku, in rami ya zauna a koma a ranar. Mu suna da ranar awo sun ishe mu, kada a faɗa mana cutar. A kuma tambayi uwa ko tana son a zo mata gida, don akwai gidan da shigarmu kaɗai ke jawo mata gori.

Majo Ilu: Sani, ka taɓo inda nake so. Daga wannan makon duk wanda bai zo awo ba zan kira ka a yammacin ranar, ba sai ya yi fashi biyu ba. Hajiya, turo mini lambar ɗakinku ta dare. Malam Habu, uwar da ke da naƙasa kuma ba ta da kati, ta wane ofishi za ta fara?